Bitar Kimiyya da Aikin Lafiya ta 'Yan Mata a Jos: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mana

Ni malamar Bayoloji ce a wata sakandare a nan Jos. Mu 'yan ƙalilan ne, malamai da ma'aikatan asibiti, da muke haɗuwa lokacin hutu mu shirya wa 'yan mata bitar kimiyya. Duk sanda muka raba takardar neman izinin iyaye, tambayoyin da ke dawowa kusan iri ɗaya ne, ko daga Gangare takardar ta fito, ko Rikkos, ko Bukuru. Wasu iyaye ne ke yin su a bakin get, wasu kuma yaran ne ke raɗa mana bayan an tashi. Ga su na tattara, da amsar da muke bayarwa.

Wai mece ce wannan bitar? Lesin ne?

Ba lesin ba ne. A lesin malami ke magana, yaro na kwafa. A nan kuwa allo ma ba mu cika waiwayarsa ba. Ana raba yara biyar-biyar ko shida-shida, kowane teburi da aikinsa, kuma rukuni ba ya tashi zuwa teburi na gaba sai kowace yarinya ta yi aikin da hannunta. Dokarmu ke nan: wadda ba ta taɓa ba, ba mu lissafa ta cikin waɗanda suka zo.

Abin da ya sa muka kafe a kan haka, na sha ganin 'yar aji shida da za ta zana maka madubin likita tsaf, ta rubuta sunan kowane sashe babu kuskure, amma ba ta taɓa ɗora idonta a kansa ba. Ranar da ta ɗora, sai ta rasa ma wane ido za ta rufe. An ce gani ya kori ji. A wannan fanni, taɓawa ita ma tana korar gani.

Me ya sa 'yan mata zalla? Su mazan ba sa buƙata?

Suna buƙata, kuma ba mu hana kowa ya shirya musu ba. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin gwaji na makarantar haɗaka ya san yadda ake yi. Kayan aiki ɗaya, yara goma. Kafin malami ya rufe baki maza sun wawashe, sai a miƙa wa yarinya biro a ce, "Ke rubutunki ya fi kyau, ki riƙa rubuta mana sakamako." Haka za ta shekara uku tana sakatariya. Ba mugunta ba ce, sabo ne, kuma ita ma da yake an tarbiyyantar da ita kada ta yi kokawar abu da maza, sai ta ja baya da kanta.

Idan su kaɗai ne a ɗaki, babu wanda za a bar wa. Dole wata ta kunna, wata ta auna, wata ta ɓata a sake. Kuma akwai tambayoyin da yarinya ba za ta taɓa yi a gaban maza ba, musamman kan al'ada da abin da ya shafi jikinta.

'Yar aji nawa ta dace ta zo?

Mun fi son 'yan aji biyu da uku na ƙaramar sakandare. Dalili, da an shiga aji ɗaya na babbar sakandare ake raba hanya: wannan kimiyya, wannan adabi, wannan kasuwanci. Yarinya da yawa tana zaɓa ne don ƙawarta ta zaɓa, ko don ta ji an ce Fiziks na haukata mutum. Wadda kuwa ta bar Kemistiri da Fiziks a wannan gaɓar, komawa gare su daga baya sai da wahala da ɓata shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. 'Yan manyan aji ma muna karɓarsu, sai dai nasu zaman ya fi karkata ga abin da na yi bayani a amsar darussan WAEC da JAMB a ƙasa.

To me suke yi a zahiri tun safe har azahar?

Teburin farko na zoɓo ne, kuma shi ne ke sa su saki jiki. Ana zuba zoɓon da ba a sa wa sukari ba a kofi uku. Na farko a matsa lemon tsami, sai ya ƙara ja jawur. Na biyu a ɗiga ruwan kanwa, sai ya rikiɗe ya koma kore mai duhu. Na uku a bar shi yadda yake don a sami abin kwatantawa. Nan take sun koyi asid da kishiyarsa, sun kuma koyi abin da ya fi wannan muhimmanci, wato duk gwajin da ba a bar kofi na uku ba, hira ce kawai. Wata 'yar Dilimi da mahaifiyarta ke sayar da awara ta tsaya tana kallon kofin, can ta ce, "Malama, ashe shi ya sa in Mama ta zuba ruwan tsami madarar waken suya take tsinkewa?" Na ce mata kin riga darasin zuwa.

Teburi na biyu madubin likita ne. A ɓare siririyar fatar cikin albasa, a shimfiɗa a gilashi, a ɗiga aidin, a leƙa. Sai ga ƙwayoyin halitta a jere kamar bulo a jikin katanga. Muna kuma ɗebo ruwan da ya kwana biyu a tsohuwar taya, su ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil. Bayan wannan ba sai an yi wa kowa wa'azin zubar da ruwan da ya kwanta a tsakar gida ba. A gefe akwai dankalin turawa, wanda Allah ya hore mana shi a Filato: a soka ƙusar kwano a gefe ɗaya, jan ƙarfen cikin wayar wuta a ɗaya gefen, a jona dankali huɗu ko biyar, a ga ɗan ƙaramin ƙwan fitila ya kawo haske.

Teburin nas-nas shi ya fi cika. Nan ake koyon ƙirga bugun jini a wuyan hannu, a ji cewa na babban mutum da ke zaune yana tsakanin 60 da 100 a minti, sannan a yi tsalle ashirin a sake ƙirgawa. Ana koyon karanta ma'aunin zafin jiki, da ɗaura abin awon hawan jini, da tef ɗin nan mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59: in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, asibiti za a nufa ba kemis ba. Daga ƙarshe kowace ta haɗa ruwan gishiri da sukari da hannunta: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Muna sa su ɗanɗana, don su san kada gishirinsa ya wuce na hawaye.

Akwai haɗari? Za su taɓa jini ko allura?

Ba jini, ba allura, ba a kai su ɗakin marasa lafiya. Ko gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake huda yatsa, nuna musu kayan kawai muke yi. Inda ake buƙatar abu mai kama da jini, zoɓo ne ke tsaya mana. Danna ƙirji don ceton wanda numfashinsa ya tsaya, a jikin mutum-mutumin roba ake koya, ba a jikin ƙawa ba. Duk da haka muna sa su saka safar hannu su kuma cire ta yadda ya kamata, su wanke hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20, don sabon ya shiga jiki tun yanzu.

Mu mutanen Jos bai kamata a koya mana wannan taka-tsantsan ba. A 1969 aka kawo wata nas daga garin Lassa na ƙasar Borno zuwa asibitin mishan na Jankwano da wani zazzaɓi da ba a san shi ba, ta rasu a nan, kuma daga sunan garin ne cutar ta samo suna. A 1970 Dakta Jeanette Troup, likitar da ke bin diddigin cutar a wannan asibiti, ta yanke a hannu tana binciken gawa, ta kamu, ita ma ta rasu. Muna ba yaran wannan labari kafin a raba safar hannu, kuma ba a samun mai wasa da ita bayan nan.

'Yata ko yanka kaza ba ta iya kallo. Tana da rabo a wannan fanni?

Ƙwarai kuwa. Na farko, tsoron jini yakan ragu da sabo, kuma nas-nas da yawa za su gaya maka sun ji jiri a ranarsu ta farko. Na biyu, ba kowane aikin lafiya ne ke da jini ba: akwai haɗa magunguna, akwai ɗaukar hoton ƙashi da na ciki, akwai gashin ƙashi, akwai ilimin abinci mai gina jiki, akwai duba ido, akwai adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta. Duba amsar da ke magana a kan wadda ba ta samu likitanci ba.

Ita kuma tawa lissafi ne ba ta ja. Ba ɓata lokaci ba ne?

A nan ba zan yi wa kowa daɗin baki ba: babu hanyar shiga kimiyya da ta kauce wa lissafi. Nas da ta kuskure wajen lissafa maganin jariri bisa nauyinsa, rai ne a hannunta. Amma ina da ja a kan kalmar "ba ta ja". Yarinyar da za ta fita da farantin talla ta dawo da ciniki cif, ta ba da canji ba kuskure, ta san ribar kowane mudu, ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba. An dai koya mata lissafi ne a matsayin haruffan da ba su da alaƙa da komai. In ta ga kashi ɗaya bisa huɗu a cikin wake, kamar yadda na kwatanta a amsar sikila a ƙasa, sai ka ga fuskarta ta washe. Bita ba za ta maye mata gurbin malamin lissafi ba, amma takan ba ta dalilin komawa gare shi.

Maza ne ke koyarwa? Yaya batun sutura da sallah da Islamiyya?

Mata ne ke tsayawa a kowane teburi. In an gayyato likita namiji ya yi jawabi, a gaban kowa yake yi, da malamai mata a zaune. Yarinya ta zo da hijabinta yadda ta saba, sai dai a teburin da ake kunna wuta muna sa ta tattare shi ta cusa cikin rigar aiki, don kada ya lashi wuta ko ya share kofi. Ana tsayawa sallar azahar, kuma muna tashi da wuri don masu Islamiyyar yamma su samu. Uwa ko yaya da ke son zama ta gani da idonta, ga kujera.

A wace unguwa ake yi? Kuma da 'ya'yan wa za ta haɗu?

Wanda ba ɗan Jos ba zai ga tambayar ba ta da kai, mu kuwa mun san daga inda ta fito. Tun rikicin 2001 gari ya rabu, akwai unguwannin da uba ba zai so 'yarsa ta shiga ita kaɗai ba, a kowane ɓangare. Shi ya sa muke neman wurin da ke bakin babban titi, wanda keke ke kaiwa daga Terminus da ke tsakiyar gari ba tare da an kutsa lungu ba, kuma muna rubuta sunan wurin da lokacin tashi ɓaro-ɓaro a takardar izini.

Batun haɗuwa kuwa, e, Musulmi da Kirista ne, kuma da gangan muke cakuɗa su a teburi. Ranar da za ta fara aiki a asibiti ba za a tambaye ta wa take so ya zama abokin aikinta ba, majinyaci ma ba a zaɓensa. Akwai yaran da a wurinmu suka fara zama kujera ɗaya da wadda ba addininsu ɗaya ba, alhali tsakanin gidajensu bai fi tafiyar minti goma ba.

Addini ya yarda mace ta yi irin wannan aiki?

Ni ba malamar fiƙihu ba ce, hukunci a tambayi masu shi. Amma tarihi a buɗe yake. Rufaida al-Aslamiyya ta kafa tantinta a masallacin Madina tana jinyar masu rauni a zamanin Manzon Allah (SAW), kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da aka harbe shi a yaƙin Khandaƙ. A ƙasarmu kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ƙungiyar 'yan taru, malamai mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata.

Wani dattijo ya taɓa tare ni a bakin get, ya ce shi bai ga amfanin mace ta yi ta karatu har ta tsufa a gida ba. Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, in Hajiya za ta je awo, wa kake so ya duba ta?" Ya ce mace mana. Na ce, "To Baba, 'yar wa?" Ya yi shiru, ya yi dariya, ya ce in ba shi biro. Ba kullum ake rabuwa haka ba, wasu sukan ninke takardar su tafi, kuma ba ma bin yarinya ta bayan idon mahaifinta.

Me ya kawo maganar sikila cikin bitar yara?

Domin babu inda lissafi da Bayoloji da rayuwar gida suka haɗu kamar nan. Muna ba kowace yarinya leda biyu, ɗaya uba ɗaya uwa, kowace da farin wake da jan wake daidai wa daida. Fari shi ne A, wato lafiyayyar ƙwayar gado, ja shi ne S, wato ta sikila. Ta rufe ido ta zaro ɗaya daga kowace leda, ta rubuta abin da ya fito, ta mayar, ta sake, har sau arba'in. In aka haɗa na ɗaki duka a allo, sai a ga ja biyu na fitowa kusan sau ɗaya cikin huɗu. Ma'ana, idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya bisa huɗu ya zo da SS.

Abin da mutane ke kuskurewa shi ne kalmar "kowane ciki". Ba wai in an haifi mai sikila ɗaya sauran ukun sun tsira ba ne. Leda ba ta tuna abin da aka zaro ɗazu. Yara kan fahimci wannan da wake fiye da yadda manya ke fahimta da bayani. Ba ma yi wa kowa gwajin jini, kamar yadda na faɗa a amsar haɗari, muna dai ce musu su roƙi iyaye a kai su asibiti a yi tun kafin maganar aure ta taso.

Waɗanne darussa take buƙata a WAEC da JAMB?

Ga likitanci da aikin nas da haɗa magunguna da aikin lab, abin da aka saba nema shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Wasu jami'o'in suna sharɗanta a same su a zama ɗaya ga mai neman likitanci, don haka a karanta ƙa'idar makarantar tun kafin a cike fom. A JAMB kuma darussa huɗu ne, Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, ana ci bisa 400. Mai sha'awar injiniyanci ko kwamfuta, Lissafi ne ke shiga a madadin Bayoloji. Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne a bar mai shagon intanet ya zaɓa wa yarinya darussa. Ta zauna kusa da shi, ta karanta abin da ya cike kafin ya tura.

In ba ta samu likitanci ba fa? Shi ke nan an yi asara?

Wannan tunanin ya cuci yara da yawa. Gurbin likitanci kaɗan ne, masu nema kuwa tuli. Sai ka ga yarinya ta zauna JAMB sau uku tana jiran kwas ɗaya, har zuciyarta ta mutu, a ce to ai gara a yi mata aure. Alhali asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba. Likita ba ya rubuta magani da ƙarfin zuciya sai sakamako ya fito daga lab, kuma a ƙauyuka da yawa unguwarzoma da jami'ar lafiyar al'umma su ne asibitin gaba ɗaya.

Likitanci shekara shida ne, sai shekara ɗaya ta koyon aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Likitan dabbobi ma shida ne. Digirin nas biyar, kimiyyar lab biyar, ɗaukar hoto biyar, haɗa magunguna biyar ko shida gwargwadon tsarin jami'ar. Kwas ɗin jami'an lafiyar al'umma da ake kira CHEW shekara uku ne, ƙaraminsa biyu. Abin lura ɗaya: a tabbata hukumar da ke kula da sana'ar ta amince da makarantar, domin in ba ta amince ba, babu lasisi, kuma takardar ba ta da maraba da ta ƙunshe ƙosai. Makarantun lafiya masu zaman kansu sun yi yawa yanzu, a bincika kafin a biya.

Dole sai ta bar gari kafin ta yi wannan karatu?

A'a, kuma wannan na cikin sa'ar da muka taka. Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1975, tana koyar da likitanci da aikin nas da haɗa magunguna da kimiyyar lab da likitan dabbobi, ga asibitin koyarwarta a Lamingo. Jami'ar Bingham tana horar da ɗalibanta na likitanci a Jankwano. Akwai kwalejin tarayya ta aikin lab a cikin gari. A Vom akwai kwalejin nas da unguwarzoma ta jiha, ga kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke can tun 1924 tana yin allurar rigakafin dabbobi, da kwalejojinta biyu. Duk 'yar da ta tashi a gidan kiwo, ko mahaifinta na harka a 'Yan Shanu, ya kamata a ce ta san da wannan wuri. Pankshin kuma na da kwalejin fasahar lafiya. Wanda ya yarda 'yarsa ta ɗan yi nisa, ga Bauchi, ga Zariya, ga Kano.

Karatun nan da tsawo. Aure fa?

Ba mu taɓa ce wa yarinya kada ta yi aure ba, kuma ba hurumimmu ba ne. Abin da muke cewa, a sa karatun cikin maganar tun ranar da aka zo tambaya, a faɗa a gaban manya, kada a bar shi a matsayin alkawarin zance. Mata da yawa da ke tsaya mana a teburin nas-nas da goyo suka gama makaranta. Da wuya, ba a ɓoye ba, musamman shekarun kwana a asibiti, kuma sai da miji mai haƙuri da uwa ko suruka da za ta riƙe yaro. Hukumar bautar ƙasa ma tana barin matar aure ta yi hidimarta a jihar da mijinta yake.

Wadda kuma aure ya riga ya katse mata, ƙofa ba ta rufe ba. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero ta yi aure bayan sakandare, ta yi 'ya'ya, sai da ta kai shekara 29 ta shiga jami'a. Ta zama farfesar Fiziks mai binciken sararin samaniya, kuma a 2015 ta karɓi lambar yabo ta duniya da ake ba mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa.

Su wa kuke nuna musu a matsayin abin koyi?

Mun fi son wadda za su iya taɓa mayafinta: nas 'yar unguwarsu, ko ɗalibar aji huɗu a likitanci da ta yi firamaren da suka yi. Amma muna ba da labarin manya ma. Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana mai cutar Ebola fita daga asibiti a Legas a 2014, ta tare annoba da jikinta, ta rasu a watan Agusta na shekarar. Farfesa Dora Akunyili, mai haɗa magunguna, da ta yaƙi jabun magani a NAFDAC daga 2001 zuwa 2008. Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta ciro maganin zazzaɓin cizon sauro daga ganyen tazargade, ta sami kyautar Nobel a 2015.

Wadda ta fi shiga ransu ita ce Farfesa Hadiza Galadanci ta Kano, likitar mata, domin aikinta muna kwaikwayonsa a teburi. Tana cikin jagororin wani babban bincike da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan zubar jini bayan haihuwa. Maimakon a kalli zane a kintata, sai a shimfiɗa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, da ya kai inda aka yi alama a ba da magungunan gaba ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba. Zubar jini mai tsanani ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Mu sai mu zuba rabin lita na zoɓo a tsohon zane, wanda shi ne mizanin da ake cewa jini ya yi yawa, mu ce kowa ta kintata. Yawanci ƙasa suke faɗa, nesa ma. Sai mu nuna musu kofin awo. Kusan kowace yarinya a ɗakin ta san wata da ta tafi wajen haihuwa, don haka a wannan teburin ba a cika jin surutu ba.

Nawa ake biya? Ana ba da satifiket?

Namu kyauta ne, malamai ke yin karo-karo, iyaye su ɗauki kuɗin keke. Wasu masu shiryawa suna karɓar kuɗin kayan aiki, ba laifi ba ne in an faɗi abin da za a saya. Satifiket kuwa muna bayarwa don yara na so, amma ba ya ƙara maki ko ɗaya a JAMB, kuma ba ya sa yarinya ta zama ma'aikaciyar lafiya. Kada a ce ta je bita a fara kawo mata yara tana rubuta magani. Masu tambayar kuɗin jami'a tun yanzu, akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ga 'yan makarantun gwamnati, bashi ne marar ruwa.

Ana ta kiran taruka irin wannan. Yaya zan gane na ƙwarai?

Musamman wajen 11 ga Fabrairu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2015 don mata da 'yan mata a kimiyya, da 11 ga Oktoba, ranar 'ya mace, gayyata takan yi yawa. Na taɓa kwasar ɗalibaina zuwa wani da aka yi a babban zauren otal. Aka jira babban baƙo har sha ɗaya da rabi, aka yi jawabi bakwai, aka sa wa yara shida farar riga aka ba su madubin likita suka riƙe aka ɗauki hoto, aka karɓe, aka raba shinkafa a roba. A mota wata ta tambaye ni, "Malama, yaushe za a fara?"

Don haka in 'yarka ta dawo, kada ka tambaye ta me aka ce, tambaye ta me ta yi. Kafin ta tafi kuma ka tambayi masu shiryawa abu uku: yara nawa ne a kan kayan aiki ɗaya, su wa za su tsaya a kansu, ƙarfe nawa za a tashi. Wanda ya kasa amsa ta farko, taron hoto yake shiryawa.

Za a iya yin wani abu a gida ba tare da kayan lab ba?

Madafar gida rabin lab ce. Gwajin zoɓo da kanwa da na wake duk a gida ake iya yi. A kwaɓa fulawa biyu, ɗaya da yis ɗaya babu, a ajiye a rana a ga wacce za ta tashi. A shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a taga ɗaya a ƙarƙashin gado, a riƙa auna tsawonsu kowace safiya. A saya mata littafi guda na musamman ta riƙa rubuta kwanan wata da abin da ta yi da abin da ta gani, har da wanda bai yi ba. Abin da ba a yarda ba: haɗa bilic da wani abin wanki, wasa da ruwan batir, kusantar da sifirit ga wuta, ko taɓa wayar lantarkin gida. Ruwan gishiri da sukari da ta koya kuma na agajin farko ne, a zubar da wanda ya kwana ya wuni, in gudawa ta ƙi tsayawa ko yaro ya galabaita a tafi asibiti.

Me za ta zo da shi ranar?

Takardar izini da sa hannun uba ko uwa ko mariƙi, da lambar wayar da za a same su. Littafi da fensir. Takalmi mai rufe yatsu, ba silifa ba. Ta karya kumallo kafin ta fito, don mai jin yunwa ce ke fara jiri a teburin nas-nas. In bitar ta faɗo a Disamba ko Janairu a haɗa mata da rigar sanyi, kun dai san Jos da safe, yatsun da suka ƙandare ba sa iya ɓare fatar albasa. In akwai tsohon zane da aka daina ɗaurawa a gida, a ba ta ta zo mana da shi, na teburin kintatar zubar jini sun kusa ƙarewa.